Tafkin Mulji

A Kasala, gindin duwatsun Taka,
inda kogin Gash ke baƙuntar wata uku ya koma,
na yi shekara arba'in ina gini.
Kakana daga Haɗeja ya taso da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare a nan, ya jingine sanda,
mu ne muka tsiro a wurin tsayuwa.

Wata Talata, Mulji mai kantin yadi
ya aika a kira ni bayan la'asar.
A bayan takardar ƙunshe atamfa
ya zana murabba'i, cikinsa wani murabba'i,
suna ta ƙanƙancewa har tsakiya.
Ya ce, "Usta Gambo, a garinmu akwai tafki,
matakala na sauka ta fuska huɗu,
ɗakunan bauta sun kewaye shi kamar 'yan biki,
rumfunan dutse na ba matafiyi inuwa.

Can uwata take kai ni da asuba,
ta ɗora fitila a ganye, ta sake ta.
Ina ɗan shekara tara aka sa ni a jirgi.
Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo,
gina mini shi a tsakar gida, ko kamu goma ne,
tunda ni ba ni da ranar komawa."

Na kwana ina juyi a kan tabarma.
Da safe na ce masa, "Ji sharaɗina:
rami nawa ne, matakala tawa ce,
rumfa da ginshiƙi duk zan tsayar.
Alkukin bango kuwa, fanko zan bar maka,
abin da za ka sa ciki, kai da zuciyarka."
Ya yi dariya har haƙorin zinarensa ya fito,
ya ce, "Ai fanko shi ya fi wuyar ginawa."

Wata biyu muna fama.
Sau uku ya sa na rushe matakala ta bakwai,
wai tasu ta ɗan karkace hagu,
can ne ƙafar uwarsa ke zamewa.
Ni da ban taɓa sayar da karkataccen aiki ba,
na ajiye ma'auni, na karkata ta da gangan,
hannuna yana ƙi, kunnena yana jin kunya.
Jakin Ɗanjuma ya yi sawu sittin da tanka
kafin mu ga sama ta sauko cikin ruwa.

Ranar ya zauna a rumfar gabas bai ce uffan ba.
Can ya tambaye ni, "Ka taɓa ganin Zamzam?"
Na ce, "A gora kawai, tsarabar maƙwabci."
Muka yi shiru, tsofaffi biyu,
kowa da rijiyar da yake wa ƙishirwa.

Shekarar da Gash ya yi rowa, famfo ya ƙafe,
shi da kansa ya cire sakatar ƙofa.
Matan unguwa suka shigo da jarkoki,
suna kawar da kai daga alkukan,
shi kuma yana kawar da kai daga matan,
ruwa na sauka, matakala na ƙaruwa.

Bara 'ya'yansa suka zo suka kwashe kaya,
tagulla da ƙararrawa, duk a akwati guda.
Makulli suka bar mini.
Alkukan sun koma fanko yadda na gina su,
kurciya ta yi ƙwai biyu a na kudu.
Duk Talata nakan je in share ganyen darbejiya,
in sauka a hankali ina ƙirge,
kuma ko na kiyaye, ko ban kiyaye ba,
a ta bakwai ƙafata take zamewa.